Shafin Intanet Na Farko: Matasan Ƙaraye Da Rogo Su Duba Farashin Shekara Ta Biyu Kafin Su Biya

Akasarin matasan da ke sana'a da waya a Ƙaraye da Rogo sun fara ne daga sitatus na WhatsApp, sai Facebook, sai TikTok. Mai ɗinki ya ɗora hoton kaftani, mai busasshen kifi daga yankin madatsar ruwa ta Challawa ya ɗora hoton kwali da lambar waya, dillalin masara ya rubuta farashin buhu na yau. Da ciniki ya fara kankama, sai tunanin buɗe shafin intanet na kai ya taso. Tunani ne mai kyau. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, sannan gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022. Duk wanda kasuwarsa ke cikin manhajar wani, zaman aro yake yi.

Matsalar tana farawa ne a lokacin zaɓen masauki, wato abin da masu harkar ke kira hostin. A nan tallace-tallace ke yi wa sabon shiga rubdugu da alƙawuran ragi, da wuri marar iyaka, da saurin walƙiya. Wanda zai buɗe shafinsa na farko ya kamata ya ɗauki mafi ƙanƙantar tsari, ya biya da naira, na shekara guda, ya auna tsarin da kuɗin sabuntawa, kuma ya tabbatar sunan shafin yana hannunsa. Duk sauran abubuwan da ake kwarzantawa suna bayan waɗannan.

Abu biyu ake saya

Shafin intanet yana da suna, yana da masauki. Sunan shi ne adireshin da mutane ke rubutawa, wanda ke ƙarewa da .com ko .ng ko .com.ng. Masaukin kuma wuri ne a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira saba, inda hotuna da rubutun shafin ke ajiye. Kamfanoni kan haɗa su a farashi ɗaya, shi ya sa da yawa ke ɗauka abu guda ne.

Wanda ya san kasuwa zai gane bambancin da sauri. Masauki rumfa ce ta haya, idan mai rumfa ya tsawwala kuɗi ana iya kwashe kaya a koma layi na gaba. Suna kuwa shi ne abin da abokan ciniki suka sani, shi aka buga a leda da kati da allon shago. Canza masauki aikin yini guda ne ga wanda ya iya. Rasa suna na nufin sake gina kasuwa daga tushe.

Masaukin ma iri-iri ne. Akwai na haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a saba guda kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa, kuma shi ne mafi araha. Akwai VPS, inda ake yanka wa mutum nasa kason sabar ya sarrafa da kansa. Akwai kuma ɗaukar saba sukutum, wanda aikin manyan kamfanoni ne. Shafin tela ko na makarantar Islamiyya ko na ƙungiyar manoma, masaukin haɗaka ya ishe shi har ya yi saura.

Tarkon farashin shekarar farko

Manyan kamfanonin waje irin su Hostinger da Bluehost da GoDaddy suna tallata farashin wata da manyan lambobi, dala biyu ko uku. A ƙasan lambar, da ƙananan haruffa, akwai bayani biyu da ido kan tsallake. Na farko, wannan farashin na wanda ya biya kuɗin shekara ɗaya zuwa huɗu ne a dunƙule. Na biyu, idan wa'adin ya cika, sabuntawa tana zuwa da wani farashi da kan ninka na farko. Kamfanonin ba su ɓoye ba, a rubuce yake, amma tallar ba a kansa ta tsaya ba.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙari a kan wannan, wato canjin kuɗi. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, ana canzar da dala a hukumance a kan kusan naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ɗauka akwai masaukin da ake sabuntawa a kan dala 60 a shekara. A tsohon canji kuɗinsa naira 27,600 ne, a sabon kuwa naira 90,000, alhali kamfanin bai ƙara ko sisi ba. Mai sayar da kifi ko mazarƙwaila da naira yake karɓar kuɗinsa, don haka duk wani alƙawarin biya da dala caca ce da ba shi ke riƙe da katinta ba.

Hanyar biyan ma ta sha toshewa. A shekarar 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya biya a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi ɗungurungum, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka fara dawo da shi. A tsawon wannan lokaci masu shafuka sun koma neman katin dala na manhaja ko roƙon wani ɗan'uwa da ke waje ya biya musu. Shafi na iya mutuwa da kuɗin sabuntawa a aljihun mai shi, saboda katin ya ƙi wucewa a ranar ƙarshe.

Kamfanonin cikin gida irin su Whogohost, wanda ya koma GO54, da QServers da Web4Africa suna karɓar naira ta kati ko ta tura kuɗi daga banki. Su ma sun ƙara farashi bayan faɗuwar naira, domin na'urori da lasisin manhajojin da suke aiki da su da dala ake saye. Amma lambar da suka rubuta ita mutum zai biya, ta hanyar da ya saba biyan kuɗin taki ko na makaranta. Ko da wane kamfani ne, tambayar farko da za a yi ita ce: nawa ne sabuntawa? Wanda ya haɗa kuɗin shekarar farko da ta biyu ya raba biyu, shi ya ga farashin gaskiya.

Akwai wata dabara da ta dace da garuruwan noma. Ranar da aka sayi masauki ita ce ranar da za a riƙa sabunta shi duk shekara. Wanda ya saya a farkon damina ya ɗaura wa kansa biya a daidai lokacin da kowane kwabo ke tafiya wajen iri da taki da maganin ciyawa. Wanda ya jira kaka, tsakanin Oktoba da Disamba, sabuntawarsa za ta riƙa faɗowa lokacin da amfanin gona ya shigo gida.

Nawa ne ainihin buƙatar ƙaramin shafi?

Kalmar "marar iyaka" tana jan hankali, amma ƙididdiga ta fi ta amfani. Manhajar WordPress, wadda fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke gudana a kanta, ba ta cin wani wurin a zo a gani idan an girka ta. Abin da ke cika masauki hotuna ne. Hoton da wayar zamani ta ɗauka kan kai megabait 3 zuwa 5. Idan aka matse shi kafin ɗorawa ya koma kilobait 200, ido ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. Hotuna 300 da aka matse haka megabait 60 ne kacal. Ke nan tsarin da ya ba da gigabait 2 zai ɗauki shagon tela na tsawon shekaru.

Haka lissafin masu ziyara yake. Mutum 1,000 a wata, kowa ya buɗe feji uku masu nauyin megabait 2, jimilla gigabait 6. Wannan bai fi ƙarfin ƙananan tsare-tsare da yawa ba, kuma sabon shafi kan ɗauki watanni kafin ya ga baƙi 1,000. Shi kansa "marar iyaka" ɗin yana da iyaka a cikin sharuɗɗan amfani, inda ake ƙayyade yawan fayiloli da ƙarfin sarrafawar da shafi guda zai ja daga sabar.

Matse hoto ya fi sayen babban tsari tasiri a kan saurin shafi, kuma ya shafi aljihun mai ziyara kai tsaye. Feji mai hotuna goma da ba a matse ba zai kai megabait 40, wanda gigabait guda na data zai buɗe shi sau 25 ne kawai. Idan an matse, sau 500. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara kaffa-kaffa da abin da suke buɗewa. A ƙauyukan da sabis ke hawa da sauka, mai ziyara ba zai tsaya jiran feji mai nauyi ba, komawa zai yi inda ya fito. Saba mai tsada ba ta gyara wannan.

Suna ya zama na mai shi

A nan ne asara mafi ciwo ke faruwa. Yawancin masu sana'a ba da hannunsu suke gina shafi ba, wani matashi mai ilimin kwamfuta suke ba wa kwangila, daga cikin gari ko daga Kano. Don sauƙin aiki, sai shi ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa da lambarsa. Babu mugun nufi a mafi yawan lokuta. Amma bayan shekara ya tafi karatu ko bautar ƙasa, ko ya canza layi, ko an sami saɓani a kan cikon kuɗi. Saƙon tunatarwa na sabuntawa yana shiga akwatin da mai shagon bai taɓa gani ba, sai wata rana shafi ya ɓace. Kayan aro ba ya rufe katara.

Idan sunan .com ya ƙare aka yi sakaci, yakan shiga wani zango na kwana 30 da ake iya fanso shi, amma da kuɗin da ya zarce na sabuntawa nesa ba kusa ba. Bayan nan sai a sake shi ga duk wanda ya riga saye. Maganin wannan mai sauƙi ne. Mai sana'a ya buɗe asusun da imel ɗinsa, ya sa lambar wayar da aka haɗa da NIN ɗinsa, ya kunna tabbacin shiga mai mataki biyu, sannan ya ba maginin damar yin aiki a ciki. Idan makaranta ce ko ƙungiya, a yi amfani da imel na ƙungiyar, mutum biyu amintattu su san kalmar sirri.

Wajen zaɓen ƙarshen suna, .com.ng ya fi dacewa da mai farawa. Ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen .ng, da naira ake farashinsu, kuma tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Shi kuwa .com, kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da shi, kuma a Satumban 2024 farashin sarinsa ya koma dala 10.26 a shekara. Ko a hannun kamfanin Najeriya aka saye shi, dala yake bi. Wanda abokan cinikinsa ke Kano da Zariya da Funtuwa bai yi asarar komai ba idan adireshinsa ya nuna cewa a Najeriya yake.

Abin da dole a samu ko a ƙaramin tsari

Ƙanƙantar tsari ba ta nufin a karɓi komai aka miƙo. Akwai abubuwa huɗu da rashin ɗaya daga cikinsu ya isa a bar kamfani.

Na farko shi ne shaidar tsaro ta SSL, wadda ke sa adireshi ya fara da https. Tun Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro. Cibiyar Let's Encrypt tana ba da ita kyauta, kuma masauki nagari yana sabunta ta da kansa. Kamfanin da ke neman ƙarin kuɗi kafin ya saka wa ƙaramin shafi wannan, ya nuna halinsa tun da wuri.

Na biyu, ajiyar kwafi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu masu shafuka sun rasa komai saboda kwafinsu ma a harabar yake. Idan haka ta sami ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Turai, babu wanda ya tsira. A tambayi kamfani sau nawa yake ɗaukar kwafi, da ko mayar da shi kyauta ne. Bayan haka mai shafi ya riƙa sauke nasa duk wata ya ajiye a Google Drive ko a katin ajiya.

Na uku, taimako mai amsawa. Kafin a biya, a aika wa sashen taimakon kamfanin tambaya guda, a duba tsawon lokacin da za su ɗauka da kuma ko amsar ta warware tambayar. Wanda ya yi jinkiri ga mai shirin ba shi kuɗi ba zai yi sauri ga wanda ya riga ya biya ba. Daga Rogo ba a tashi a je ofishin kamfani a Legas, don haka waya da imel su ne ofishin.

Na huɗu, a iya sarrafa shafin daga waya. Da yawa daga masu wannan shiri ba su da laftof, kuma wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce. WordPress tana da manhajar Android da ake ɗora rubutu da hoto da ita. A nemi masaukin da ke girka WordPress da dannawa guda, kuma a leƙa allon sarrafawarsa a waya cikin kwanakin da kamfanin ya ware na mayar da kuɗi, idan yana da su.

Alƙawarin kasancewa a kunne kashi 99.9 cikin ɗari, wanda kusan kowa ke rubutawa, yana nufin shafi na iya ɗaukewa na kusan minti 43 a wata, ko awa takwas da minti 45 a shekara. Ga ƙaramin shago wannan abin jurewa ne, kuma bai kai dalilin biyan ninki ba.

Hujjojin masu wani ra'ayi

Wasu za su ce kamfanonin waje sun fi inganci da sauri. A wasu lokutan gaskiya ne, kuma da yawa daga cikin kamfanonin Najeriya ma a Turai ko Amurka sabarsu take, don haka biyan naira ba ya nufin shafin yana ƙasar nan. Yana da kyau a tambaya. A ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk abin da ke ajiye a ƙetare ya yi wuyar samu na kwanaki. Amma ga feji mai sauƙi, bambancin nisa ɗan ƙanƙanin yanki ne na daƙiƙa, kuma tsarin kyauta na Cloudflare, wanda ke da cibiya a Legas, yana rage shi. Wanda ke samun dala daga aikinsa, kamar mai zane ko mai rubuta manhaja da ke yi wa 'yan waje aiki, babu laifi ya biya da dala. Mai cinikin naira ne ya kamata ya yi hattara.

Wasu kuma za su ce me ya sa za a biya alhali akwai na kyauta. Blogger da Google Sites da GitHub Pages duk kyauta ne, kuma ga ɗalibin da ke koyo ko marubucin da ke son wallafa gajerun labarai, sun wadatar. Sai dai kyauta tana ƙarewa ranar da mai ita ya ga dama. A watan Maris na 2024 Google ya rufe shafukan kyauta da ya bai wa ƙananan 'yan kasuwa ta tsarinsa na bayanan kasuwanci. Wanda zai bi hanyar kyauta ya sayi sunansa na kansa ya jona shi da ita, ta yadda idan masaukin ya rufe zai ɗauki sunan ya tafi wani wuri, masu nemansa ba su ma san an tashi ba.

Akwai kuma masu cewa a sayi babba tun yanzu saboda gaba. Kamfanoni suna maraba da mai son ƙara tsari a kowace rana, cikin mintuna ake yi, rage shi ne ke da wuya. VPS kuwa yana buƙatar wanda ya iya Linux da toshe kafofin kutse, kuma idan babu shi, an biya kuɗi mai yawa an sayo haɗari. Ko sana'ar da cinikinta ke zuwa a dunƙule ba ta buƙatar haka. Sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yana Kusalla, a ƙaramar hukumar Ƙaraye, kuma kowane rukuni mako uku yake yi. Mai masaukin baƙi ko mai mota ko tela da ke son waɗannan baƙi su same shi tun kafin su baro garuruwansu, feji guda mai farashi da kwatancen hanya da maɓallin WhatsApp ya biya masa buƙata. Idan yana son karɓar kuɗi, mahaɗin biya na Paystack ko Flutterwave ya isa, ba sai ya ajiye bayanan katin kowa a shafinsa ba. Makarantar da za ta tara sunaye da hotunan ɗalibai kuwa ta tuna cewa dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora mata alhakin tsare su, don haka gara ta tara abin da ya zama dole kawai.

Lokacin ƙara girma yana zuwa da alamunsa: saƙon kamfani cewa shafi ya cinye kasonsa wata bayan wata, ko jinkiri duk da an matse hotuna, ko odar da ta yi yawa har tana buƙatar cikakken kanti na intanet. A ranar shafin ya riga ya samo kuɗin da zai biya wa kansa sabon masauki. Kafin ta zo, rarar da aka tsira da ita ta fi amfani wajen ɗaukar hotuna masu kyau, da sayen data don sabunta farashi duk mako, da buga adireshin a ledar kaya.

Saboda haka, kafin matashin Ƙaraye ko Rogo ya tura kuɗi, ya rubuta amsar tambayoyi biyar a takarda: nawa ne sabuntawa, da wane kuɗi ake biya, da imel ɗin wa aka yi rajistar suna, ina kwafin shafin yake, kuma a wane wata biya na gaba zai faɗo. Idan amsa guda ta gagara, ya riƙe kuɗinsa har sai ta samu.